Jinƙai da Karimci a Bangaskiyar Kirista: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi tasowa idan ana zancen bayarwa, ko a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, ko a hira tsakanin masu bi, ko daga bakin wanda ba Kirista ba ne amma yana son ya ji abin da Kirista suka gaskata. Wasu amsarsu gajeruwa ce, wasu kuma sai an zauna.

Me ake nufi idan aka ce jinƙai ne tushen karimci?

Ana nufin Kirista yakan fara karɓa tukuna kafin ya bayar. A koyarwar Sabon Alkawari, mutum mai bashi ne a gaban Allah, bashin da ba shi da halin biya, Allah kuma ya yafe masa ta wurin Yesu Almasihu. Wasiƙar Afisawa 2:4-5 ta kira Allah mai yalwar jinƙai, wanda ya raya mu muna matattu cikin laifofinmu. Titus 3:5 ta ce ya cece mu saboda jinƙansa, ba don wani aikin adalci da muka yi ba. Wanda ya san haka aka yi masa, hannunsa yakan saki. Shi ya sa Manzo Bulus, bayan ya kwashe sura goma sha ɗaya a wasiƙar Romawa yana bayanin abin da Allah ya yi, sai a sura ta 12 ya fara roƙon masu bi, ya kuma roƙe su ne saboda yawan jinƙan Allah. A cikin surar ne ya ce mai bayarwa ya bayar hannu sake, mai yin jinƙai ya yi da fara'a.

A ina Yesu da kansa ya koyar da wannan?

A wurare da yawa, amma misalin bawan da ya ƙi yin gafara, a Matiyu 18:21-35, ya fi fito da shi fili.

Wani sarki ya zauna lissafi da bayinsa. Aka kawo masa wanda yake bi talanti 10,000. Mai karatu na yau yakan wuce wannan adadi ba tare da ya girgiza ba, don haka bari mu tsaya a kansa. Dinari ɗaya shi ne ladan lebura na yini guda, kamar yadda yake a misalin ma'aikatan garkar inabi a Matiyu 20. Talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne. Ke nan bashin bawan nan dinari miliyan 60 ne. Leburan da ke aiki kwana 300 a shekara, ba ya ci ba ya sha daga ladansa, sai ya shekara 200,000 kafin ya tara shi. Masu sauraron Yesu sun san babu bawan da zai iya biyan wannan, shi ya sa roƙon da ya yi, cewa a yi masa haƙuri zai biya duka, magana ce ta wanda bai ma san zurfin ramin da yake ciki ba. Sarkin bai ƙara masa wa'adi ba, bai rage masa kashi ba. Ya ji tausayinsa, ya sake shi, ya yafe bashin gaba ɗaya.

Fitarsa ke nan ya yi kiciɓis da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki. Ya shaƙe masa wuya. Mutumin ya durƙusa ya yi masa roƙo iri ɗaya da wanda shi ya yi ɗazu, amma ya sa aka jefa shi kurkuku. Dinari 100 ba abin banza ba ne, kuma haƙƙinsa ne, doka ma tana bayansa. Abin da sarki ya kama shi da shi guda ne: ashe bai kamata ka ji ƙan ɗan'uwanka ba, kamar yadda na ji ƙanka?

Luka 6:36 ta faɗi wannan a taƙaice: ku zama masu jinƙai kamar yadda Ubanku mai jinƙai ne.

Amma misalin nan kan gafara yake, ba kan kuɗi ba. Ina haɗin?

Zuciyar da ke riƙe laifi ita ce ke riƙe dukiya. Dukansu biyu suna cewa "nawa ne, sai an biya ni."

Dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, a Luka 19. Yesu bai yi masa wa'azin kuɗi ba. Ya ɗaga kai ya gan shi a kan itacen ɓaure, ya kira sunansa, ya ce yau a gidanka zan sauka, alhali duk garin suna ƙyamarsa. Sai ga Zakka ya miƙe da kansa yana cewa rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Karɓarsa aka fara yi, sannan dukiya ta fita. Haka a Luka 7, a gidan Siman Bafarisiye, inda mace mai zunubi ta zuba man ƙanshi a ƙafafun Yesu. Yesu ya ba Siman misalin mutum biyu masu bashi, ɗaya dinari 500, ɗaya 50, aka yafe musu duka, ya tambaye shi wanne zai fi ƙaunar mai yafewar. Siman, wanda yake ganin bashinsa kaɗan ne, ko ruwan wanke ƙafa bai ba baƙonsa ba.

Wannan koyarwar Sabon Alkawari ce kawai?

A'a. Shari'ar Musa cike take da ita, kuma da dalili iri ɗaya. A Fitowa 34:6 Allah ya bayyana kansa ga Musa a matsayin mai jinƙai, mai alheri, mai jinkirin fushi. Da aka zo dokokin gona, Littafin Firistoci 19:9-10 ya hana mai gona girbe gonarsa har gefe-gefe, ya hana shi komawa kala, a bar wa matalauci da baƙo. Maimaitawar Shari'a 24 ta ƙara da cewa idan ka manta dami a gona kada ka koma ɗauka, idan ka kakkaɓe zaitun kada ka sake bin rassan, na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Dalilin da aka bayar shi ne abin lura: ka tuna dā kai bawa ne a Masar. A sura ta 15 ma, inda aka umarta a yafe bashi duk shekara ta bakwai, a kuma sallami bawa Ba'ibrane da kaya ba hannu wofi ba, dalilin bai canja ba, Ubangiji ya fanshe ka. Har an gargaɗi mutum kada ya ƙi ba da rance don ya ga shekarar yafewa ta matso.

Wannan doka ta kala ce ta ciyar da Rut, Bamowabiya, a gonar Bo'aza. Bo'aza ma ya wuce abin da doka ta ce, ya umarci masu girbinsa su riƙa zare zangarku daga dammuna suna yar mata, kada kuma su tsawata mata.

Idan ceto kyauta ne, me ya sa Matiyu 25 ta nuna ana shari'a a kan ciyar da mayunwaci da ziyartar ɗan kurkuku?

Tambaya ce mai nauyi, kuma a kanta Kirista suka daɗe suna muhawara. A Matiyu 25:31-46 Sarki ya raba mutane gida biyu a kan abubuwa shida: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, saukar da baƙo, tufasar da huntu, duba marar lafiya, ziyartar wanda ke kurkuku. Yakubu 2 kuma ta ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce, har ta zana mutumin da ke ce wa ɗan'uwa mai yunwa da tsiraici ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, bai kuwa ba shi komai ba.

Ikkilisiyoyin da suka fito daga Gyaran Ikkilisiya na ƙarni na 16 suna cewa ayyukan nan 'ya'yan bangaskiya ne, shaida ce cewa jinƙai ya shiga mutum, ba kuɗin sayen ceto ba ne. Ikkilisiyar Katolika da ta Otodoks suna ba ayyukan ƙauna matsayi mafi girma a tafiyar ceto, amma su ma suna koyar da cewa alherin Allah ne ke fara zuwa, shi ke ba mutum ikon yin su. Katolika ma sun tsara ayyukan jinƙai na jiki guda bakwai, shidan nan na Matiyu da kuma binne matattu. Bambancin yana nan, bai kamata a shafe shi ba. Amma babu ɓangaren da ke koyar da cewa mutum zai iya sa Allah ya ci bashinsa.

Akwai abu ɗaya a cikin nassin da ake yawan tsallakewa. Waɗanda aka yaba wa mamaki suka yi: yaushe muka gan ka da yunwa? Ba su riƙe lissafi ba. Da sun yi ne don tara lada, da sun san adadin.

Ashe ba Yesu ne ya ce ku bayar za a ba ku ba? Laifi ne in bayar ina sa ran Allah ya ninka mini?

Ya faɗa, a Luka 6:38, har da mudu a cike, a danne, a girgije, yana zuba. Amma a karanta abin da ke gabanta. Aya uku kafin nan ya ce a ba da rance ba tare da sa ran samun komai ba, a ƙaunaci maƙiya. Ayar da ke daf da ita kuwa kan hukunci da gafara take. Bulus ma ya yi maganar shuka da girbi a 2 Korantiyawa 9, sai dai ya faɗi amfanin girbin: domin ku sami abin da zai ishe ku, ku kuma yalwata cikin kowane kyakkyawan aiki. Ana ƙara wa mai shuka iri ne don ya ƙara shukawa.

Allah yana saka wa mai bayarwa, Karin Magana 19:17 ma ta ce mai jin ƙan matalauci Ubangiji yake ba rance. Inda aka kauce shi ne a mai da bayarwa jari, a ce wa mai bi ya shuka kaza don ya girbi kaza cikin wata kaza, galibi kuma gonar shukar aljihun mai wa'azin ce. A ganina wannan koyarwa ta juya tsarin kai ƙasa: mutum ne ya fara, Allah ya zama mai biyan bashi. Wanda ya fi cutuwa da ita shi ne talakan da ya ba da abin da bai kamata ya fita daga gidansa ba, girbi bai zo ba, aka ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza. Bulus, wanda ya rubuta ayar shuka da girbi, ya sha yunwa da ƙishi da tsiraici, shi da kansa ya lissafta su a 2 Korantiyawa 11.

To, nawa ya kamata Kirista ya bayar? Ushiri dole ne?

Kirista sun rabu a nan. Wasu ikkilisiyoyi suna koyar da cewa kashi ɗaya cikin goma wajibi ne har yau, suna kafa hujja da Malakai 3:10 da kuma Ibrahim wanda ya ba Malkisadik ushiri tun kafin Shari'a. Wasu suna cewa ushirin Shari'a na hidimar Lawiyawa da Haikali ne, kuma babu inda manzanni suka ɗora shi a kan masu bi na al'ummai. Abin da babu gardama a kansa shi ne ƙa'idar Bulus: a 1 Korantiyawa 16:2 kowa ya riƙa ajiye wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, a 2 Korantiyawa 9:7 kuma kowa ya bayar yadda ya ƙudura a ransa, ba da ɓacin rai ko tilas ba.

Yesu ya ambaci ushiri a Matiyu 23:23, inda ya tsauta wa Farisiyawa masu fitar da ushirin na'ana'a da ƙananan ganyaye amma sun yar da gaskiya da jinƙai da aminci. Bai ce su daina ba, ya ce da sun yi wannan ba tare da barin wancan ba. Sannan a tuna, a Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ushirin shekara ta uku a gari ake tara shi, don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Wanda ya kafe kan ushiri ya kamata ya kafe kan wannan ɓangaren ma.

Ni talaka ne. Wannan magana ta shafe ni?

Misalan bayarwa biyu da Sabon Alkawari ya fi yabawa, dukansu na matalauta ne. Gwauruwar Markus 12:41-44 ta zuba anini biyu a baitulmalin Haikali, Yesu ya ce ta fi duk masu kuɗin, domin su daga rarar su suka bayar. Ikkilisiyoyin Makidoniya kuma, waɗanda Bulus ya ce suna cikin matsanancin talauci, su suka roƙe shi da naci ya bar su su shiga gudummawar da ake tara wa matalautan Urushalima. Roƙo suka yi a karɓa.

Amma kada a yi amfani da gwauruwar nan a tatse gwauraye. Ayoyin da ke gabanta kai tsaye, Yesu yana la'antar malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye. Bulus kuma ya faɗa a fili a 2 Korantiyawa 8:12-13 cewa ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma ba nufinsa ba ne wasu su huta ku ku matsu. Tabita ta Yafa, a Ayyukan Manzanni 9, ba a faɗi kuɗin da ta bayar ba. Da ta mutu, riguna da tufafin da ta ɗinka ne gwauraye suka riƙe suna nuna wa Bitrus suna kuka.

Idan mai roƙon mayaudari ne fa, ko cima-zaune?

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce. Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci, kuma a lura, wanda ya ƙi aka ce, ba wanda ya rasa ba. A 1 Timoti 5 akwai sharuɗɗan sa gwauruwa a jerin waɗanda ikkilisiya ke ɗaukar nauyinsu, har da shekaru 60, da kuma cewa mai 'ya'ya ko jikoki su fara ɗaukar nauyinta. Wani tsohon rubutun Kirista da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na farko, ya ce a bar sadaka ta yi gumi a tafin hannu har sai an san wanda za a ba. Rubutun nan kuma shi ne ya ce a ba duk mai roƙo. Tun farko ikkilisiya tana riƙe da duka biyun.

Bambancin shi ne tambayar da mutum yake yi. Akwai mai tambaya, me zai taimaki mutumin nan da gaske? Wani lokaci amsar ba kuɗi ba ce, aiki ne, ko magani, ko gaskiya mai ɗaci. Akwai kuma mai tambaya, ya cancanta kuwa? Wannan tambaya ta biyu tana da haɗari a bakin wanda aka yafe wa talanti 10,000. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Za a cuce ka wani lokaci, babu makawa. Mutumin da bai taɓa bari an cuce shi ba, mai yiwuwa ya mayar da mabukata na gaskiya da yawa hannu wofi.

Wa zan fara ba, na gida ko na waje?

Na gida. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman iyalin gidansa, ya fi marar bi muni. Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, tun ba ma 'yan'uwa a bangaskiya ba. Sai dai farawa daban, tsayawa daban.

Masanin Attaura da ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa, a Luka 10, iyaka yake nema. Yesu ya kai shi hanyar Urushalima zuwa Yariko, gangare mai tsawon kusan kilomita 27 cikin duwatsu da hamada, inda 'yan fashi suka bar mutum rai a hannun Allah. Firist ya ratse, Balawe ya ratse. Basamariye ya tsaya, mutumin da Yahudawa ba sa ko haɗa ƙwarya da irinsa. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa shi ya taka a ƙasa, ya kwana yana jinyarsa a masauƙi, da safe ya ba mai masauƙin dinari biyu, ya kuma yi alkawarin biyan duk abin da aka ƙara kashewa. Alkawarin nan ne ya fi tsada, domin bai san iyakarsa ba. Da Yesu ya tambayi masanin wane ne ya zama maƙwabci, bakinsa bai iya furta "Basamariye" ba, sai ya ce wanda ya yi masa jinƙai.

Kiristocin farko sun sayar da kayansu sun haɗa. Dole ne mu ma mu yi haka?

Ba dole ba ne, a lokacin ma ba dole ba ne. Barnaba ya sayar da gonarsa don ra'ayin kansa. A Ayyukan Manzanni 5, Bitrus ya ce wa Hananiya, wanda ya sayar da gona ya ɓoye wani sashe na kuɗin, gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma a hannunsa suke bayan ya sayar. Ƙarya ce ta kashe shi da matarsa Safiratu.

Wannan koyarwa ta taɓa wuce wa'azi a tarihi?

Ta wuce, akwai kuma shaida. A zamanin Sarki Kalaudiyas, wanda ya yi mulkin Roma daga shekara ta 41 zuwa 54, ikkilisiyar Antakiya ta aika gudummawar yunwa zuwa Yahudiya. Wajen shekara ta 150, Jastin Mai Shahada ya bayyana taron ranar Lahadi a Roma, inda masu hali ke ba da abin da suka ga dama, a kula da marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. A shekara ta 251, Karniliyas bishop na Roma ya rubuta cewa ikkilisiyarsa tana ciyar da gwauraye da mabukata sama da 1,500, a lokacin da bin Almasihu kan iya kai mutum ga mutuwa. A shekarun nan ne annoba ta ratsa daular, Sifiriyan bishop na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya kira mutanensa su yi jinyar har waɗanda ba Kirista ba. Bayan yunwar da ta auka wa Kafadokiya wajen shekara ta 369, Basil na Kaisariya ya gina babban wuri a bayan gari mai ɗauke da masaukin baƙi da wurin jinyar marasa lafiya da kutare, wanda masana tarihi ke lissaftawa cikin asibitocin farko.

Shaidar da ta fi ƙarfi daga bakin abokin gaba ta fito. Sarki Yuliyan, wanda ya bar Kiristanci yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumakan Roma, ya rubuta wa wani babban firist na Galatiya a shekara ta 362 yana ƙorafin cewa Galilawan nan, wato Kirista, suna ciyar da matalautansu har da namu.

Tarihin yana da ɗaya fuskar. Ikkilisiya ta sha tara dukiya tana manta dalilinta. A cikin batutuwa 95 da Martin Luther ya fitar a 1517, na 43 ya ce a koya wa Kirista cewa mai ba matalauci ko mai ranta wa mabukaci ya fi mai sayen takardar gafara.

A ɓoye zan bayar ko a fili?

Matiyu 6:1-4 ta ce kada a busa ƙaho, kada hannun hagu ya san abin da dama ke yi. Matiyu 5:16 kuma ta ce haskenku ya haskaka a gaban mutane. Abin da ya raba su shi ne wa za a yaba. Bulus bai ɓoye bayarwar Makidoniyawa ba, ya yi ta shela don Korantiyawa su ji kunya su motsa. A zamanin da kowa ke riƙe da kyamara a aljihu, akwai wani ma'auni da ya kamata a ƙara: mutumin da ake ɗauka hoto yana miƙa hannu, an tambaye shi? Rufin asirin mai karɓa yana cikin kyautar.

Me ya sa wani alherin yake ƙona zuciyar wanda aka yi wa?

Saboda gori. Mai bayarwa ya tsaya a sama, ya bar mai karɓa a ƙasa, ya kuma tabbata bai manta ba. Koyarwar jinƙai tana rushe wannan tsayuwar, don ta ce ku biyun duka masu karɓa ne. Bulus ya tambayi Korantiyawa, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba? Dawuda ma, da jama'a suka tara kayan ginin Haikali, a 1 Tarihi 29:14, cewa ya yi daga cikin abin da ke naka muka ba ka.

Yadda Bulus ya tsara gudummawar Urushalima abin koyi ne. Bai zana matalautan a matsayin abin tausayi ba. A Romawa 15:27 ya ce al'ummai ne ma ke da bashinsu a wuya, tunda ta wurinsu suka sami albarkar ruhu. Ga Korantiyawa kuma ya ce yalwarku ta yanzu ta biya bukatarsu, wata rana tasu ta biya taku, ya kawo labarin manna a jeji, inda mai tara da yawa bai yi rara ba, mai tara kaɗan bai rasa ba. A tsakiyar wannan zancen kuɗi ne ya sa ayar da ta ɗauki nauyin komai, 2 Korantiyawa 8:9: Almasihu, ko da yake mawadaci ne, ya zama matalauci dominku. Kuma 1 Korantiyawa 13:3 ta yi gargaɗi cewa mutum zai iya rabar da duk mallakarsa, in babu ƙauna bai amfana da komai ba.

Ai waɗanda ba Kirista ba ma suna yin alheri, wasu har sun fi Kirista.

Gaskiya ne, Littafi Mai Tsarki bai musa ba. Jarumin misalin Yesu Basamariye ne. Karniliyas jarumin sojan Roma, a Ayyukan Manzanni 10, an ce sadakarsa ta kai gaban Allah tun kafin ya ji bishara. Mutanen tsibirin Malita sun hura wa Bulus wuta bayan jirginsu ya fashe, Luka ya ce alherin da suka yi ba kaɗan ba ne. Abin da Kirista ke faɗa game da dalilinsa ne na bayarwa, bai ce shi kaɗai ya iya ba. In ma Kirista ya zama marowaci, laifinsa ya fi girma, don ya san abin da aka yafe masa.

Tunda don Allah na bayar, ya dace in tambayi inda kuɗin suka tafi?

Ya dace ƙwarai. Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. Ya haɗa Titus da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu, ya ce don kada kowa ya sami abin zargi, domin yana so ya yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane ma. A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci a rabon yau da kullum, manzanni ba su ce masu ƙorafin ba su da bangaskiya ba. Suka sa jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cikinsu har da Istifanas. Shugaban da ke fushi idan aka nemi lissafi yana neman a ba shi amincin da manzanni ma ba su nema wa kansu ba.

Na yi alheri an saka mini da butulci, zuciyata ta yi sanyi. Yaya zan yi?

Zafin gaskiya ne, ba sai ka yi kamar ba ka ji ba. Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya ne ya dawo, har ya tambaya ina sauran taran. Amma bai mayar musu da kuturtar ba. Luka 6:35 ta ce Maɗaukaki yana yi wa marasa godiya da mugaye alheri.

Ba laifi ba ne ka canja yadda kake taimakon mutumin da ya ci amanarka. Kana iya daina ba shi kuɗi a hannu, kana iya neman wani ya shiga tsakani, idan rance ne kana iya cewa ba za ka ƙara ba. Gafara ba ta wajabta maka ka sake miƙa masa makullin ɗakinka. Abin da ya kamata ka yi tsaro da shi shi ne kada butulcin mutum ɗaya ya rufe ƙofa ga na bayansa wanda bai yi maka komai ba. Kada kuma ka jira sai tausayi ya dawo kafin ka ci gaba. Shawarar Bulus ta a riƙa ware wani abu duk ranar farko ta mako tana da amfani a nan, don abin da aka riga aka ware yakan fita ko a makon da zuciya ba ta so. Idan kuma abin ya yi nauyi har ya taɓa addu'arka, ka kai shi gaban fastonka ko wani dattijo a ikkilisiya, ku zauna a kansa.